Gwaggo Kande da Goro Dubu da Tara

Ku da kuka san Gwaggo Kande, ku faɗi tsakaninku da Allah: akwai wadda ta taɓa gaisawa da ita ta ga ƙwayar idonta? Babu! Baki yana "ina kwana, ina gajiya, ya yara," ido kuwa yana can kan kajinki yana ƙirga. Kafin ki ce lafiya lau ta san tukwanenki nawa, ludayi nawa, takalma nawa ne a bakin ƙofa. In adadin ya yi mata, sai ta saki fuska ta nemi wurin zama. In bai yi ba, ta ja tsaki ta ce, "Ke kuma me ya kai ki ajiye kaji goma sha ɗaya? Ki yanka ɗaya ko ki sayo ɗaya, ki huta ki hutar da mu."

Ga wata can tana rufe baki da mayafi. Ita aka yi wa ta kajin, ba zan faɗi suna ba.

'Yan matan nan da ba ku riske ta ba, ku matso ku ji. Gwaggo yayar babana ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, shi ya sa ana yaye ni, ni Ramatu, aka kai mata ni, a ɗakinta na yi wayo. Ita ce mai rabon unguwarmu ta bakin gulbi a nan Gaya. Ba sarki ne ya naɗa ta ba, ba a kuma biyan ta ko tamma. Amma suna ne, aure ne, sadakar mutuwa ce, duk inda za a raba goro ko masa ko nama gida-gida, in ba hannunta ne ya tsiba ba, sai an yi wata ana gaba a bakin rijiya. Wance ta ce an ba wance fiye da ita, wance ta ce an raina mijinta. In kuwa aka ce Kande ce ta raba, shi ke nan, ko ɓawo aka kawo miki sai ki karɓa ki yi godiya.

Dokarta uku ce, ko ɗan yaye ya san su: ba ta ƙarawa, ba ta ragewa, ba ta ci. Abin da aka ajiye gabanta amana ne, shi za ta raba daidai, kowane tsibi kamar ɗan'uwansa. Shaidarta kuma a bakinta take yawo da ita. Matar da goron unguwa guda ke bi ta hannunta, ba ta taɓa sa shi a baki ba. Wani ya kuskura ya yi gunaguni, sai ta wangale baki ta tura masa fuska: "Duba! Duba haƙoran nan! Ka ga ja?" Farare tas kamar na jinjirin akuya. Har liman sai da ya duba su wata rana, ba don yana so ba.

Ita adadi mutane ne a wurinta, kowanne da halinsa. "Sha biyu 'yar albarka ce," in ji ta, "ku biyu ne ta yarda, ku uku ta yarda, huɗu, shida, duk ba ta musu." Sittin kuwa ba a magana, in ta ambace ta har murya take sassautawa, wai da ɗiya ce da gidan sarauta za ta kai ta. Amma bakwai, sha ɗaya, sha uku, sha bakwai da danginsu, waɗannan ta sa musu suna kangararru. "Ba sa bin kowa, ba sa zama da kowa. Ko ki haɗiye su ke kaɗai, ko ki farfasa su ɗai-ɗai. Irin mijin maƙwabciyarmu Talatu ne sak."

Wanda ya fi kowa shan wuyar kangararru shi ne mijinta, Baba Sanda, Allah ya ji ƙansa. Basarke ne, kullum yana kan ruwa. Wata rana ya dawo jiƙe sharkaf, yana washe baki, ya zube kifi a ƙwarya. Gwaggo ta leƙa sau ɗaya.

"Sha uku, Malam?"

"Sha uku, manya-manya. Ki gode wa Allah."

"Na gode. Amma mu uku ne a gidan nan. Huɗu naka, huɗu nawa, huɗu na Ramatu. Wannan mai kallona fa, na wane ne?"

"Ki cinye mana."

"Ni? In ci saura?" Ta fara buɗe baki za ta nuna masa haƙora, ya ce ya gani, ya gani tun ranar aure. Ta ce, "To ka koma ka kamo biyu su cika sha biyar, ko ka mai da ɗaya inda ka ɗauko shi."

Kifin da ya mutu tun hantsi fa! Bawan Allah ya ɗauki ɗaya ta wutsiya ya fita, ya jefa wa wata ramammiyar kyanwa da ke rakuɓe a mashaya. Tun daga ranar, kafin ya hau tudu sai ya tsuguna ya ƙirga, duk abin da ya ƙi rabuwa uku na kyanwa ne. Sarkawa suka sa mata suna Saura. Kafin shekara ta zagayo Saura ta yi ƙibar da ba ta iya hawa katanga, ɓeraye suna wucewa ta gabanta sai dai ta bi su da ido. Baba Sanda yakan ce duk Gaya babu mai yi wa aurensu addu'ar ɗorewa kamar kyanwar nan.

Ko kun tuna Buba? Yauwa, Buban Gwaggo! Suna ake yi a gidan maƙeri, masa arba'in, malamai bakwai a zaure. Gwaggo ta leƙa ta ƙirga rawuna, ta dawo ta ce ba za a kai masa ba. Mai jego na kuka, masa na hucewa. Sai ta ja zani ta fita ƙofar gida, ta yi kiciɓis da wani Bafillace da sandarsa a kafaɗa, yana tambayar hanyar garin Bana.

"Za a nuna maka," in ji ta. "Shiga tukuna, malamai na jiran ka."

"Inna, ni ba malami ba ne."

"Ka iya amin?"

"Na iya."

"To ka isa. Shiga ka cika takwas."

Ya shiga ya ci biyar ɗinsa, ya yi amin da ƙarfi fiye da kowa. Af, ashe an yi baƙo ke nan! Duk sunan da za a yi a unguwa sai ki gan shi tun da safe a gindin bango yana ƙirga takalman malamai. In bakwai ne ya miƙe ya gyara hula. Ranar da suka cika takwas ba shi, Gwaggo ta fito ta ce, "Yau ba gurbinka, Buba, je ka Bana." Ya ce zai ɗan jira, wataƙila cikin wani ya murɗa.

To, duk waɗannan abin dariya ne. Wanda na tara ku in faɗa muku, wanda ake ta ba da shi a karkace shekara da shekaru, shi ne na goron aurena.

Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba. Baba Sanda ya rasu, gida ya rage daga ni sai Gwaggo. Samarin ƙasar nan duk sun fara kwarara Yamai, babban birni, neman kasuwa, cikinsu har da baban ɗana Sani, ɗan mutanen Tanda, yana sayar da atamfa a can. Ina son shi, ba zan ɓoye muku ba, tsufa ya cire mini wannan kunyar. Gwaggo ma da bakinta ta amsa, bayan ta tambayi su nawa ne a ɗakinsu aka ce shida. Aka sa ranar Juma'a ɗaurin aure, Asabar kuma kamiyo, babbar motar kaya, ya kwashe amarya zuwa Yamai.

Kun san al'adarmu: gidan da goron gayya bai shiga ba, ba a gayyace shi ba. In goro bai zaga unguwa ba, babu wanda zai zo ya zauna a tabarmar ɗaurin aure. Mata suka ce wa Gwaggo ita uwar amarya ce, ta ji kunya ta shige ɗaki, wata ta raba. Ta ce, "Goron Ramatu? Wata ta raba ina numfashi?" Aka bar ta.

Ranar Laraba sai ga Baba Namata, ƙanen baban ango, da huhun goro a bayan jaki. Ƙato ne mai murya kamar ganga, ga son a yaba masa. Ni ina ɗakin baya an ƙunsa mini lalle hannu da ƙafa, amma zana ce tsakaninmu, kuma zanar tana da huda daidai idona.

"Kande, ƙwarya goma na kawo," in ji shi. Ƙwarya ɗaya goro ɗari ke nan, ku 'yan yanzu. "Dubu cif. Har ƙetaren gada na je, Dahome, na zaɓo da hannuna."

Gwaggo ta yi murmushi. Dubu mutuniyar kirki ce, sun saba.

"Kuma ba ki ji gyara ba!" Ya buga ƙirji. "Mai goron ya ce biyar zai ƙara mini. Na miƙe na kama jakina. Ya ce bakwai. Na ce ashe bai san mutanen Tanda ba. Wallahi ban bar rumfar nan ba sai da na fizgi tara!"

Murmushin ya ɗauke.

"Tara?"

"Tara! Duk na zuba a ciki."

"Namata," in ji Gwaggo a hankali, "wa ya aike ka?"

Ta shimfiɗa tabarmi, ta yayyafa wa ganyen da aka naɗe goron ruwa, ta zauna ta miƙe ƙafa. Gidajen da za a gayyata arba'in da biyu ne, ban da namu, don mai rabo ba ta sa kanta a lissafi. Hannunta ya shiga aiki, caf, caf, caf. Kowane gida ya samu ashirin da huɗu. Sai ga ɗaya ya rage, wani farin goro ƙato mai sheƙi. Ta ɗora shi a faifai ta zuba masa ido, shi ma kamar yana kallon ta.

Ta tattara, ta sake. Ta ce a raba biyu, na maza da na mata. Ɗaya ya rage. Ta ce a bi masallatan unguwa uku. Ɗaya ya rage. Huɗu, shida, bakwai, takwas, tara, kowanne sai ya tofo mata ɗayan nan. Sha biyun da take yabo kullum, ita ma ta ci amanarta. Da ta gwada biyar sai huɗu suka rage, da ta gwada goma kuwa sai ga gyaran Baba Namata su tara reras, ta harare shi har ya sunkuyar da kai.

Shawara kuwa ta zubo kamar ruwan Agusta.

Baba Namata ya ce, "Miƙo shi nan in tauna, magana ta ƙare."

"Naka ne? Tun da ka sauke shi a ƙofar nan ya zama na mutane."

"To cire tarar da na ƙara."

"Ba na ragewa."

Wata ta ce a ƙara wa liman ɗaya. Gwaggo ta ce sai ladan ya ji, daga nan kuma a bar kiran asuba. Wata ta ce a ɓare shi. Kai, zo ku ga tashin hankali! "Goron aure? A ɓare? A gidana? Ke da bakinki kike yi wa yarinya fatan rabuwa?" Matar ta ɗauki takalmanta a hannu ta fice.

Laraba ta wuce goro bai fita ba.

Alhamis da hantsi aka je aka kira Mushe Kosi, malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke haya a gidan da ke bayanmu, mutumin Dahome. Shi da Gwaggo sun saba, tana kai masa tuwo, yana ce mata Madam, tana ce masa ɗan nan. Mata suka ce wataƙila ilimin Nasara ya lanƙwasa goron. Ya zo da ɗan allonsa da alli, ya zauna a turmi ya yi ta rubutu yana gogewa da gefen riga. Can sai ya ɗago yana murna kamar an yi masa haihuwa.

"Madam, gaskiyarki! Dubu da tara ba ta rabuwa. Mu ma a lakwal muna da irinsu, muna koya wa yara. Amma ban taɓa ganin babba haka a kan tabarma ba!"

Mata suka ce la haula, wannan an kira shi ya kashe wuta ya zo da kara.

Ya ce, "Hanya biyu ce kawai. Ko ki ba mutum ɗaya duka, ko ki samo mutum dubu da tara ki ba kowa ɗaya."

Gwaggo ta dube shi, ta ce, "Mutanen Gaya su nawa ne?"

Baba Namata ya dafe kai.

Mushe ya ce in ta yarda a sayo arba'in da ɗaya a ƙara, kowane gida zai tashi da ashirin da biyar, shi ma zai biya daga aljihunsa. Ta ce ba ta ƙarawa. Ya ce to ta bar wahalar da kanta, shi ya gwada har talatin da ɗaya, kuma daga nan an gama. Ya yi mata bayani da haƙuri: in tsibi masu yawa za su raba shi daidai, to goron cikin kowane tsibi kaɗan ne, kuma wannan kaɗan ɗin da tuni shi ma ya raba shi, ga shi duk ƙananan an gwada sun ƙi. Ni da ke bayan zana ma na gane. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, kai dai ka gaji ne. Je ka yaranka na jira." Ta tattara goro ta fara tsibi talatin da biyu.

Talatin da uku. Talatin da huɗu. Rana ta take, goro ya sha hannu har ya fara yamushewa, ganye ya bushe. Azahar ta yi tana arba'in da wani abu. A nan Baba Namata ya miƙe, kuma wannan karon ba ihu ya yi ba, shi ya sa na san da gaske yake.

"Kande, na gane. Ba lissafi ba ne, goronmu ne ba kya so. In aka kira la'asar bai fita ba, zan ɗaure huhuna in koma Tanda in ce an mai do mana. Yaro kuma Asabar zai hau kamiyo, da mata ko ba mata."

Ya fice zaure. Mata suka bi shi suna ba shi haƙuri, tsakar gida ta rage daga Gwaggo sai tabarmi.

Kun san abin da ake nufi da a mai da goro. Ba a sake kawo shi. Na ji haushinta, wallahi haushi sosai. Na sake manna ido a huda. Sai na lura da wani abu. Ni na girma a gefen tabarmar nan, na san in Gwaggo na ƙirga leɓenta na rawa. Yanzu leɓen a rufe yake gam. Ɗaukar goro kawai take daga nan ta ajiye can, ta ɗauko daga can ta mai do nan.

Amarya ba ta fita, amma na fita. Ƙafafu ɗaure da tsumma, hannuwa cikin zunguru, ina tafiya kamar agwagwa, na je na durƙusa gabanta.

"Koma ɗaki, marar kunya," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Gwaggo, kin san ba zai rabu ba."

"Ban kai sittin ba tukuna."

"Kin sani tun jiya. Tun kafin Mushe ya zo."

Ta ɗauki farin goron nan daga faifai tana juya shi a tafin hannu.

"Tun da ya ce tara na sani," in ji ta. "Wallahi Ramatu da ya faɗa, sai na ji wani sanyi a raina. Na ce yau ga kangararriya ta zo ta taimake ni."

"Ba kya son auren ne?"

"Ina so. Yaron kirki ne." Ta mai da goron faifai. "Ni da na ƙare rayuwata ina yabon masu rabuwa, ina zagin masu ƙi. Ban taɓa zama na duba gidana ba. Da muna uku, ga Malam, ba na tsoro. Yanzu mu biyu ne. Duk duniya babu abin da ya kai biyu saurin rabuwa, ɗiyata. Ɗaya Yamai, ɗaya nan. In na gama raba goron nan, ke na raba."

Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar, ko a mutuwar Baba Sanda a ɗaki ta yi nata. Na rasa hannun da zan share mata, duka biyu suna cikin zunguru. Sai na kifa kaina a cinyarta muka yi ta yi. Na ce mata in ta ce in zauna zan zauna, kuma har ga Allah a lokacin da gaske nake.

Ta ture ni. "Ji shashasha! Ki zauna ki yi me? Ki zama kangararriya kamar ni? Tashi, kin ɓata mini zani da lalle."

Ta ja majina, ta gyara ɗaurin kallabi, ta tattara goron nan gaba ɗaya. Ban taɓa ganin hannunta ya yi sauri irin na ranar ba. Kafin ladan ya gama alwala, tsibi arba'in da biyu sun jeru, ashirin da huɗu-huɗu, ɗayan nan kuma yana faifai. Ta ce in koma bayan zanata, sannan ta ɗaga murya: "Namata! Ku shigo, ku duka. A kira ɗan nan ma ya zo ya shaida."

Aka cika tsakar gida. Ta miƙe tsaye da goron a hannu, ta wangale baki.

"Ku duba haƙoran nan. Ku duba da kyau, don ba za ku sake ganin su haka ba."

Ta jefa shi baki, ta gartsa. Ƙarar sai da na ji ta daga bayan zana.

Gwaggo tana tauna, fuska tana tattarewa, ido ya kawo ruwa. Ta haɗiye da ƙyar ta ce, "Tir! Wannan ɗacin ne kuke rububi a kansa shekara da shekaru?"

Aka fashe da dariya, aka rangaɗa guɗa. Mushe Kosi yana tafi yana cewa dubu da takwas, dubu da takwas, wannan kam kowa nata ne! Baba Namata ya ce da ta bar shi ya tauna tun jiya ai da an huta. Ta ce, "Kai ka ci, sata ce. Ni na ci, hasara ce tawa. Ku kwashe ku kai wa mutane kafin in sake shawara." Hawaye na zuba, tana cewa goron ne, goron ne mai ɗaci.

Aka ɗaura aure Juma'a. Asabar na hau kamiyo. Ba ta raka ni tasha ba, wai tana da wanki.

Abin da ban sani ba sai da na zo wankan jegon Sani, shi ne tun daga ranar ba ta sake raba ko ƙwayar gyaɗa ba. An yi suna an aiko, ta ƙi. Liman da kansa ya tako, ta ce masa, "Malam, mai rabon da ta ci ta gama. In wani ya yi gunaguni, me zan nuna masa?" Aikin da ya fi mata komai a duniya ke nan, da shi ake sanin ta, da shi take shiga kowane gida kai tsaye. Ta tauna shi ta haɗiye don in tafi. Da na yi mata maganar sai ta ce in rufe mata baki, ita dama ta gaji da ƙirga masar mutane.

Ƙirgar kaji dai ba ta bari ba, kun shaida. Sannan ga abin haushi: goro ya kama ta! Matar da ta ce tir, kafin shekara biyu haƙoran nan sun yi jajir kamar na tsohon dillali. Duk zuwan da zan yi daga Yamai, kafin ta tambayi yara sai ta laluba jakata. "Ke kika lalata ni," in ji ta, "ke da Namata." Ni kuma don tsokana sai in kawo mata sha uku. Ta ƙirga, ta harare ni, ta ce, "Ba komai. Ni kaɗai ce, duk nawa ne." Takan faɗe shi da dariya, amma ni ba ya ba ni dariya.

Na yi, na yi ta biyo ni Yamai, ta ce garin da ba ta san adadin gidajensa ba ba za ta iya barci a cikinsa ba. A ɗakinta na bakin gulbi ta cika, ina riƙe da hannunta, Allah ya nufa ina gari.

Ranar sadakar bakwai, wasunku na nan. Muka toya masa, muka zauna mu huɗu muna tsibawa gida-gida, muna ta kuskure muna sakewa. Da muka gama, sai ga ɗaya a faifai. Muka dubi juna. Wata ta ce, "Ga ta nan ta zo duba aiki." Muka yi dariya har muka kwanta, daga nan kuma dariyar ta juye. Babu wadda ta iya ci. Sai ga Buba a gindin bango, ya tsufa tukuf, ya zo gaisuwa. Shi muka ba, ya karɓa da hannu biyu, ya kasa cewa komai sai amin.

Allah ya ji ƙan Gwaggo Kande. Ta raba wa unguwa guda daidai ba ta taɓa sa kanta a lissafi ba, sau ɗaya ta ci, shi ma don ni. Ya Allah ka yafe mata goron nan, ka haɗa ta da Baba Sanda, ka ba ta rabon da ba a ƙirgawa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sada mu da ita a inda biyu ba ta rabuwa.

Ku ce amin mana, ko Buba ya fi ku.